Tambayoyin Masu Karatu: Shin Ƙwallo Za Ta Iya Gyara Yaran Unguwa?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato wasannin da ake shirya wa matasa da nufin gyara wata matsala a unguwa. Mun zaɓi biyar, mun miƙa su ga malaman da ke aikin tsara shirye-shiryen matasa da auna sakamakonsu. Ga amsoshinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a Gombe. Shaye-shaye da kalare, wato 'yan daba, sun addabe mu. Wani ɗan unguwa mai hali ya ba mu naira dubu ɗari takwas, mun yanke shawarar sa gasar ƙwallo ta kwana goma, da kofi da riguna. Ta ina za mu fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ku fara da jingine maganar kofin. Gasar sili-ɗaya-ƙwale mai ƙungiyoyi 16 wasa 15 ce gaba ɗayanta, kuma ƙungiyoyi 8 za su fita daga wasansu na farko. Waɗanda za su fita da wuri su ne yaran da ba su da numfashi, ba su da horo, wato ainihin waɗanda kuka yi abin dominsu. Masu neman kofin kuma za su ɗauko haya daga wasu unguwanni, wani ma ya haɗiyi tramol don kada ya gaji. Ranar ta goma sha ɗaya kowa ya koma inda ya fito, kuɗin ya ƙare.

Kafin ku sayi ƙwallo ko guda, ku zauna ku rubuta jimla ɗaya da ta faɗi su wa kuke nufi, me zai canza a rayuwarsu, kuma zuwa yaushe. “Mu kawar da shaye-shaye” fata ne, ba a iya aiki da shi. Amma “yara 60 'yan shekara 13 zuwa 17 da ba sa zuwa makaranta kuma ba su da sana'a, zuwa watanni shida rabinsu sun koma aji ko suna wurin koyon aiki” magana ce da za a iya tsara mata mako-mako. Daga nan ku bi mai shayi, da mai gidan kallon ƙwallo, da mai unguwa, da iyaye mata, ku tambaye su wane lokaci ne yaran suka fi shiga rigima, kuma a ina suke taruwa. Idan amsar ita ce daga la'asar zuwa magariba, to nan ne lokacin atisayenku.

Yara 60 ku raba su uku, ashirin-ashirin, kowane rukuni da koci ɗaya da mataimaki. Sau uku a mako, minti 90 kowace rana: 15 na ɗumama jiki, 25 na wasan da ke ɗauke da darasi, 35 na buga ƙwallo sosai, sannan 15 a zauna a da'ira a yi magana. Wannan zaman na ƙarshe shi ne aka fi yin watsi da shi, alhali a nan aikin yake. A ce an yi wasan da aka hana magana, aka ga yadda 'yan wasa suka rikice, sai koci ya tambaya me ya faru a fili, ina irin wannan ke faruwa a gida ko a majalisa, kuma gobe me kowa zai gwada. Idan kocinku ba su saba da haka ba, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka yana da manhaja mai zama goma mai suna Line Up, Live Up, an yi ta ne don 'yan shekara 13 zuwa 18, kuma za a iya juya darussanta zuwa Hausa.

Akwai kuskure biyu da ke kashe irin wannan shiri. Na farko, a tara yaran da suka fi gagara su kaɗai a rukuni ɗaya. Idan aka yi haka, ƙaramin cikinsu wurin babban zai ƙara ƙwarewa, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ku gauraya su da yaran da ke da natsuwa, kada masu rigimar su wuce kashi ɗaya cikin uku. Na biyu, suna. Duk ranar da aka kira shirin “gasar tubabbun 'yan kalare”, uba mai mutunci ba zai bar ɗansa ya zo ba, wanda ya zo kuma tambarin ya bi shi har gida. Ku sa masa sunan unguwa. Ku kuma roƙi mai ba da kuɗin, cikin ladabi, kada a buga hoton kowa a jikin riguna, domin da zarar an ji ƙanshin siyasa rabin unguwa za su janye.

Game da kuɗi, shawararmu ita ce kusan rabi ya tafi ga alawus ɗin koci shida na tsawon watannin, saboda kocin sa-kai yakan ɓace cikin wata na biyu idan neman abinci ya kira shi. Sauran a sayi ƙwallo mai lamba 5, ɗaya ga kowane yara uku, da famfo da allurarsa, da 'yar shara mai launi biyu maimakon cikakkiyar riga, da akwatin taimakon gaggawa, da ruwan sha na kowace rana. Ku ware kashi ɗaya cikin goma don rajista da auna sakamako. Ku duba kalanda tun yanzu: azumi, da zafin Maris zuwa Mayu, da aikin gona na damina, da lokacin Islamiyya, duk suna cin yara. Mai son ya ga gasa ba a hana shi ba, sai dai a yi ta zagaye, kowa ya kara da kowa. A Mathare da ke Nairobi, ƙungiyar wasannin matasa da aka kafa a 1987 tana ƙara wa ƙungiya maki a teburi idan 'yan wasanta suka fita kwashe shara da yashe magudanan ruwa. Babu abin da zai hana ku yin haka kafin saukar ruwan sama.

Yaron da ƙwaya ta riga ta kama jikinsa, ƙwallo ba za ta yaye shi ba. Ku san tun farko wane asibiti ko wane sashen ba da shawara na NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, za ku kai shi, kuma wa zai raka shi.

TAMBAYA: Mun shirya wasan zaman lafiya a Jos tsakanin unguwar Musulmi da unguwar Kirista da ke maƙwabtaka. An fara lafiya, aka ba da fenareti a minti na ƙarshe, sai jifa ta tashi. Yanzu dattawa sun ce kada mu sake. Ina muka yi kuskure?

AMSA: Ɗan'uwa, dattawan suna da gaskiya a kan wasan da kuka yi, amma akwai wani wasan da za a iya yi. Kun jera Musulmi goma sha ɗaya a gefe guda, Kirista goma sha ɗaya a ɗaya gefen, kowa da jama'arsa a bayansa, kuka ce ɗaya ne zai yi nasara. Layin da ya raba garin tun rikicin 2001 shi kuka zana a tsakiyar fili. Fenaretin dalili ne kawai.

Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya nuna cewa haɗa mutanen da ba sa ga maciji ba ya rage ƙiyayya sai da sharuɗɗa: su haɗu a matsayi ɗaya, su zama da buri ɗaya, su buƙaci juna kafin su cim masa, kuma manyansu su goyi bayan haɗuwar. An gwada wannan a filin wasa. A Indiya, Matt Lowe ya shirya gasar kurket ta wata guda tsakanin samarin da al'adar fifita mutane bisa asalin haihuwa ta raba, ya gano cewa zama ƙungiya ɗaya da wanda ba naka ba yana ƙara abota, karawa da shi a matsayin abokin hamayya kuwa tana rage ta. A arewacin Iraƙi, bayan ɓarnar ISIS, Salma Mousa ta ƙara wa ƙungiyoyin Kirista 'yan wasa uku-uku ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su Musulmi, wasu Kirista. Sakamakon da ta wallafa a 2020 ya nuna waɗanda suka buga da Musulmi sun fi yarda su sake shiga ƙungiyar gauraye, sun fi zaɓen Musulmi a kyautar ɗa'a, kuma bayan wata shida suna ci gaba da atisaye tare. Sai dai canjin bai bi su waje ba, domin ba su fi sauran zuwa taron da ya haɗa su da Musulmin da ba su sani ba.

Wannan gaɓar ta ƙarshe ku riƙe ta da kyau, kuma nan gida ma an ga makamancinta. A Kaduna, Alexandra Scacco da Shana Warren sun bi samarin Musulmi da Kirista da suka koyi kwamfuta na mako 16. Ra'ayinsu a kan juna bai sauya ba, amma waɗanda suka zauna ajin gauraye sun fi na ajin addini ɗaya adalci idan aka ba su abu su raba. Ke nan hali yakan riga ra'ayi motsawa, kuma ko shi a hankali yake tafiya.

Idan za ku sake, ku rubuta sunayen duk 'yan wasa, ku ja ƙuri'a a gaban kowa, ta yadda kowace ƙungiya za ta zama gauraye kusan rabi da rabi. Idan mutum ɗaya ne tal daga wani ɓangare, baƙo zai zama, ba za a ba shi ƙwallo ba. Koci biyu ga kowace ƙungiya, ɗaya daga kowane ɓangare, kyaftin kuma a riƙa karɓa-karɓa. Fili ya zama wanda kowa zai iya zuwa ya koma ba tare da ratsa inda yake tsoro ba, kuma a tashi da sauran rana. A kauce wa lokacin sallar Juma'a da safiyar Lahadi. Makonni huɗu na farko babu 'yan kallo.

Akwai kuma tsarin da ya samo asali a birnin Medellin na Kolombiya bayan an harbe ɗan wasa Andres Escobar a 1994. Ana raba wasa kashi uku. A na farko ƙungiyoyin biyu su zauna su amince da dokokinsu. A na biyu su buga babu alƙalin wasa, wanda aka yi wa ƙeta ya ɗaga hannu, su warware da kansu, mai shiga tsakani yana gefe yana rubutu. A na uku su sake zama, kowace ƙungiya ta ba ɗaya makin ɗa'a, a haɗa shi da na ƙwallaye. Da 'yan wasa biyar ko shida a kowane gefe, minti 12 zuwa 15, tsarin yana tafiya sarai. Tunda kun san abota ba ta fita fili da kanta, ku fitar da ita da gangan: ƙungiya ta je duba ɗan wasanta idan ba shi da lafiya, ta je gaisuwa idan an yi masa rasuwa, ta yi aikin gayya a unguwannin biyu. Wannan tsarin ku kai wa liman da fasto da masu unguwa a rubuce, su sa hannu kafin a hura usur.

TAMBAYA: Daga Damagaram nake. Shekara guda muna yin ƙwallo da kokawa da samarin fada, wato majalisun samari na unguwa. Masu ba mu tallafi sun ce mu kawo rahoton da ke nuna tasiri. Muna da hotuna, kuma mun kai ga matasa 400. Sun ce bai isa ba. Me suke so?

AMSA: Malam, tambaya uku suke yi, kun amsa ɗaya. Me kuka yi? Me ya canza? Kuma ku ne kuka canza shi, ko da ma zai canza?

Ko ta farkon ma sai an gyara. Wannan 400 ɗin, wanda ya leƙo sau ɗaya yana ciki? Ku buɗe rajista mai suna a gefe da kwanaki a sama, a kira suna kowace rana. A rahoto ku faɗi adadin da suka yi rajista, da adadin da suka halarci aƙalla kashi biyu cikin uku na zaman, da adadin da suka daina zuwa. Lamba ta biyun ita ce mutanenku na gaskiya.

Don amsa tambaya ta biyu, ku zaɓi ma'auni uku ko huɗu kacal, kuma su zama abin da ake aikatawa. Idan kuka tambayi saurayi ko faɗa abu ne mai kyau, zai ce a'a, musamman idan kocinsa ne ke tambaya, ya kuma san amsar da ake so. Ku tambaye shi kwana nawa cikin bakwai da suka wuce ya je lakwal, wato makaranta, ko wurin aiki, sau nawa cikin kwana talatin ya shiga faɗan da aka kai hannu, sannan ku gwada amsar da rajistar makaranta ko bakin maigidan da yake koyon aiki a wurinsa. Mai tambayar ya zama wanda ba ya cikin masu horarwa, a keɓe, da Hausar da ake yi a garin. Ku fara gwada tambayoyin a kan samari goma da ba sa cikin shirin, za ku ga waɗanda ba a fahimta. Manhajar KoboToolbox kyauta ce kuma tana aiki a waya ko babu intanet, amma takarda da biro ma sun wadatar. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne a yi tambayoyin kafin a fara, a maimaita su daidai yadda suke a ƙarshe, a sake bayan wata shida.

Tambaya ta uku ita ce mai wuya, kuma a nan rahotanni da yawa ke yaudarar masu su ba da niyya ba. A ce kun auna faɗa a watan Satumba, kuka sake aunawa a Fabrairu, kuka ga ya ragu. Wataƙila samarin ne suka tafi cin rani bayan an kai amfanin gona gida. Ko kuma kun fara ne daidai lokacin da rigima ta yi ƙamari, wadda da ma za ta lafa. Maganin wannan shi ne rukunin kwatanci. Idan samari 120 ke so kuma gurbi 60 ne, ku ja ƙuri'a, 60 su fara yanzu, 60 su jira zagaye na gaba, a yi wa duka tambayoyi iri ɗaya a lokaci ɗaya. Babu wanda aka zalunta, tunda da ma gurbin bai isa ba. Ga misali na lissafi kawai: a kowane rukuni mutum 30 ke da aiki ko karatu da farko. A ƙarshe naku sun zama 42, masu jira sun zama 38. Abin da shirinku ya ƙara shi ne 4, duk da cewa ido zai so ya ce 12. Kuma da rukuni ƙarami haka, bambancin 4 zai iya zama dace, sai an ga ya maimaitu a zagaye na biyu.

Ku bi waɗanda suka daina zuwa har gida. Idan mutum 20 suka fita kuka auna 40 da suka rage kaɗai, sakamakon zai yi kyau ne saboda masu matsalar sun fice daga lissafi. Dalilin fitarsu kuma shi ne zai nuna muku abin gyara.

Takardar tambaya kada ta ɗauki suna, a sa lamba, jerin sunayen ya zauna a kulle a hannun mutum ɗaya. Kada ku rubuta abin da zai iya kai yaro hannun 'yan sanda, kuma wanda bai kai 18 ba a nemi yardar iyayensa. Tunda wannan shekarar ta wuce babu awon farko, ku faɗi haka a rahoton ƙarara, ku kawo abin da rajistar makaranta da masu unguwa za su iya tabbatarwa, ku haɗa da labarin mutum uku ko huɗu har da wanda shirin bai yi masa amfani ba, sannan ku nemi kuɗin awo a kasafin baɗi.

TAMBAYA: Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a jihar Katsina. Ina so in fara wasanni don rage barin makaranta, amma iyaye sun ƙi.

AMSA: Malama, tambayi iyayen abin da suke tsoro ɗaya bayan ɗaya, za ki ga yawanci abu huɗu ne: idon maza, sutura, dawowa gida a makare, da tallan da za a rasa. Kowanne yana da amsa. Fili ya zama cikin katangar makaranta, mai horarwa mace, mai gadi ya san ba a shiga. Sutura dogon wando da riga mai kai gwiwa da ƙaramin hijabi marar allura, wanda tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka amince a buga da shi. A tashi awa guda kafin magariba, 'yan layi ɗaya su tafi tare. Sau biyu a mako ya isa, kuma iyaye mata su zaɓi ranakun, su kauce wa ranar kasuwa. Ƙwallon hannu ko ta raga ta fi saurin karɓuwa, ga ta ba ta cin fili. Ki gayyaci iyaye mata da malamar Islamiyya su kalli zaman farko da idonsu, iyaye maza kuma shugaban makaranta ya zauna da su ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai.

Ki tanadi banɗaki mai ƙofa da ruwa da audugar mata, in ba haka ba za ki riƙa rasa kowace yarinya kwanaki a kowane wata ba tare da ta faɗi dalili ba. A rubuta doka cewa babba ba ya keɓewa da yarinya, a naɗa wata malama daban da mai horarwa wadda za a kai wa ƙorafi, kuma ba a sa hoton kowa a Facebook sai da izinin iyaye. Ma'auninki yana cikin rajistar aji: kwanakin zuwa a zangon da ya wuce da na bana, da adadin waɗanda suka tsallaka daga aji uku na ƙaramar sakandare zuwa babba.

TAMBAYA: Kocinmu a Zariya ƙwararru kaɗai yake sakawa, kuma ana kawo mana ƙarti a gasar 'yan ƙasa da 15.

AMSA: Muddin da kofi ake auna koci, haka zai ci gaba da yi. Ku ɗaura alawus ɗinsa a kan yawan yaran da ke zuwa har ƙarshen zango, ku sa dokar cewa duk wanda ya halarci atisayen mako sai ya buga aƙalla rabin wasa. Game da shekaru, a yi wa kowane yaro kati mai hoto tun farkon kaka, da sa hannun shugaban makarantarsa ko mai unguwa, a rufe rajista kafin wasan farko. Kyaftin na kowace ƙungiya ya duba katunan abokan karawa kafin a take ƙwallo, ƙungiyar da aka kama a cire mata maki uku, kuma kocin ne zai zauna a waje wasa biyu.